Irin Gero da Ya Tsira Cikin Buhu

Anka. Ana kiran asalatu Inna ta tashe ni. Daminar nan ruwan fari ya yaudare mu: munka yi shuka, sama ta ɗauke, gero ya ƙone tun yana ɗan tsiro. Iri ya ƙare a gida, sai wurin Kawu a Gummi.

"Ka tai ka dawo, ban da yawon kasuwa," in ji ta.

"Inna, ni da na yi aji huɗu?"

"Shi ni ka tsoro."

Gummi. Akori-kura ta sauke ni da hantsi, rana kamar a gasa masara bisa kai. Kawu ya cika ni da tuwon dawa da miyar kuka, ya auna mani iri rabin buhu, ya ƙara da wa'azi buhu guda. Nan na kwana.

Hanyar dawowa. Direba ya ɗora buhuna bisa rufin mota, babu tamfal. Na ga gabas ta yi baƙi.

"Maigida, hadari fa."

"Wanga ba namu ba ne, Bukkuyum za shi. Na san ruwa da fuska."

Ashe ruwan bai san shi ba. Kafin mu kai Daki Takwas ya tare mu. Rafi ya kawo, mota ta kafe, munka kwana biyu a wata ruga. Wata dattijuwa ta riƙe mu da fura da nono, tana kallon direba tana cewa, "Sannu, malamin sama."

Anka kuma. Na sauke buhu a tsakar gida, na ji shi da ɗumi. Inna ta kwance bakin, ta tusa hannu, ta fiddo gero duk ya fidda fararen saiwoyi. Ta dube ni.

"Iri na aike ka ka ɗauko, kai ko ka kawo mani gona."

"Na rage maki aiki, Inna."

Ba ta yi dariya ba. Irin da ya tsira ba shi kai gobe, kuma babu wani. Ta leƙa maƙwabta, aka fito da sungumi, har tsofaffi. Ƙasa na da laima, munka zuba shi kafin magariba, a hankali don kar saiwa ta karye.

Ya fito, ko da yake da giɓi kamar bakin tsohuwa. Mun ci tuwonshi har bazara.

Godiya ga Allah, da Kawu, da mutanen ruga. Direba kuwa, in kun ji ya ce ba a ruwa, ku kwashe shanya.