Ranar da aka tashe ni daga gadon asibiti

Jiya na tarar da 'yata lokotoro, wato likita, tana zagaya tsakar gida da mijinta, washegarin aikin ƙabarsa.

Na ce, "Ke Hadiza, kashe shi za ki yi?"

Ta ce, "Baba, bincike ya nuna tashi da wuri na hanzarta warkewa."

Sai na tuna shekarar fari, sojoji na sabon hawa mulki. Ni ma washegarin aikin da aka yi mini, majo, babban ma'aikacin jinyar asibiti, ya ce in ba da gado, marasa lafiya daga sansanin 'yan gudun yunwa na Lazaret sun cika baranda. A ƙafa na koma unguwarmu Gamkalley, dafe da ciki, ina tsine masa.

Ashe bawan Allah bincike yake yi, ni ko godiya ban yi ba.

Wa kuma ya taɓa samun irin wannan gatan?