Kwamfutar Kawu Tana Amsawa

Mai Waya ake ce masa a ma'aikatar, har sabbin zuwa ba su san yana da wani suna ba. Shi ke jan wayoyin sadarwa ta cikin silin, shi ke haɗa kwamfuta da kwamfuta, shi ake ƙwala wa kira idan firinta ta yi gardama. Kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa, shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya kuma samar masa aikin. Kawu yana can hawa na ƙarshe, a ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, inda ba mai zuwa sai wanda ya yi ɓatan kai.

Aikin Mai Waya na safe zagaye ne. Ofis-ofis yake bi yana duba ko kowace na'ura tana kan layi, ya ƙare a wajen Kawu yana haki.

"Kai dai ɗan nan, kullum tumbinka sai ya riga ka sallama," in ji Kawu, yana zuba masa shayi a murfin fulas.

Tsohon yana fama da hawan jini, ga kumburin ƙafa, ga taurin kai, ko zai mutu ba zai ce wash ba. Mai Waya kaɗai ke gane shi da ido, ya ce, "Kawu, yau ba ka sha magani ba." Hawan benen nan shi ne ɗan abin da yake iya sāka wa mutumin da ya raine shi, kuma ya san da haka.

Furfura ta fara yi wa Mai Waya sallama aka kawo sabon shugaban sashe, mai cewa zamanin yawo da sukundireba ya wuce. Mai Waya bai yi wata-wata ba. Ya samo wani littafi mai kaurin bulo, ya duƙufa koyon yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Ya sha wuya, wallahi. Ya manta waƙafi guda, na'ura ta yi masa tsiwa cewa akwai kuskure a layi kaza. Ya buɗe alamar baka a rubutun ya manta bai rufe ba, aikin yini ya tashi a banza. Matarsa ta ce, "Malam, da girmanka ka koma aji ɗaya?" Ya ce gemu ba ya hana ilimi.

Ashe kan yana ja. Ya fara da fom ɗin neman hutu a shafin ma'aikata: ka cike ka latsa, ya tafi akwatin mai kula da ma'aikata, ba sai masinja ya yi yawo da takarda ba. Daga nan ya rubuta abin da ya fi alfahari da shi, wasu 'yan layuka da ke ƙwanƙwasa ƙofar kowace kwamfuta a ginin. Wadda ta amsa ta fito kore a allonsa, wadda ta yi shiru ta fito ja. Zagayen da ke cinye masa safiya ya koma latsa maɓalli ɗaya.

Da ya kai wa Kawu labari yana washe baki, tsohon ya gyara tabarau ya ce, "Madalla. To ita ma tana shan shayi?"

Ba rana ɗaya Mai Waya ya daina hawa wajen Kawu ba. Yau shugaba na jiran sabon fom, gobe gwiwa na ciwo, jibi sai a ce gata. Abin da ke kwantar masa da rai shi ne ya san halin Kawu: da hannunsa yake kashe kwamfutarsa in an tashi, da hannunsa yake kunna ta da safe. Saboda haka in Mai Waya ya ga layin ɗakin fayiloli ya yi kore, sai ya ce a ransa, alhamdu lillahi, tsoho ya iso. Kaico, mutumin da ya fi kowa sanin cewa na'ura ba ta san wanda ke zaune gabanta ba!

Ranar da jiri ya kwashi Kawu, mai shara ce ta riƙo shi zuwa bakin titi, ba wanda ya kashe kwamfutar. Takardar hutun jinya kuwa, wadda a da masinja zai bi ofis-ofis da ita har kowa ya ji, 'yar Kawu ta cike ta a waya, ta wuce shiru ta cikin fom ɗin Mai Waya. Makonni suka shuɗe, kullum kore.

Mai Waya na tsakiyar gyara wani layi wayarsa ta yi ƙara. 'Yar Kawu ce, ta ce: "Yaya, Baba ya cika."

Bayan an dawo daga maƙabarta ya durƙusa gaban matar Kawu, idonsa jawur. "Inna, mutum ya kwanta asibiti haka, a rasa mai kirana?"

Ta ɗago ta dube shi. Babu faɗa a muryarta, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Shi ya hana, ɗan nan. Kullum na ɗauki waya sai ya ce in ajiye. Ya ce kada a tayar maka da hankali, gobe da safe in ka hau ka tarar ba ya nan, da ƙafarka za ka zo."