Baba Kura da Ƙaurar Shamuwa

Baba Kura mai gyaran keke bai taɓa cewa shi masanin tsuntsaye ba ne. Maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su. Tun shekarar da aka sauke tutar Turawa ya kafa rumfarsa a gindin wata ƙatuwar tsamiya a Unguwar Marke, kan hanyar Roni zuwa Kazaure, ya tarar shamuwa sun riga shi kama sama. Shi a ƙasa da guduma da famfo, su a bisa da sheƙunansu. Hularsa kuwa, komai launinta ranar da aka saye ta, kafin kaka ta zama fara.

Shamuwa, kowa ya sani, ba a jifanta, ba a sa ta a tukunya. Ita ce ’yar aiken damina. In ta sauka, manomi sai ya fito da irinsa ya duba. Da kaka ta kwashe ’ya’yanta ta tafi inda Allah kaɗai ya sani, bazara na yi ta dawo ɗakinta na bara.

Da kuɗin man fetur suka fara yawo a ƙasa, sai ga ’yan kwangila za su shimfiɗa kwalta, hanyar kuwa ta bi daidai ta cikin tsamiyar. Gari ya yi murna. Baba Kura ma ya yi, don mai kwalta a ƙofar rumfa ba ya rasa aiki. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai: rani ne, masu gidan sama ba sa nan. Su dawo su tarar an rushe musu gida ba sallama?

Abokinsa Hamma, Bafillatani mai sayar da igiya a kasuwa, ya ce, “Kai Babarbare, bawana, sai ka bi su ka gaya musu mana. Ai ku dangin juna ne, duk ’yan ci-rani.”

“Ɗan Fulani, ina ruwanka da gida? Kai da ake naɗe ɗakinku a ɗora wa sa!”

A bayan gidan Baba Kura akwai wata kuka mai manyan rassa. Ya tattaro tsofaffin ƙafafun keke da suka daɗe jibge a rumfa, ya yi niyyar ɗaure su a kwance bisa rassan, ya ɗora tsofaffin sheƙunan a kai. Matsalar ɗaya ce: Allah ya hore masa tumbi, rabonsa da hawa bishiya tun yana ɗan kamfai.

Silvanus ne ya fitar da shi. Shi ne direban katafilar ’yan kwangila mai ɗiban ƙasa, mutumin kudancin Zariya, wanda kullum yake shan inuwar tsamiyar da aka turo shi ya kayar. Da ya ji zancen sai ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, “Baba, shiga cokali.”

Ranar nan har masu dakan yamma sun bar turmi. Baba Kura zaune cikin cokalin katafila, ya rungume ƙarfe, yana ta salati, ana ɗaga shi sama kamar dambu. Ya kwaso sheƙunan ɗaya bayan ɗaya, aka kai shi kuka ya ɗaure ƙafafun keke da igiyar Hamma, ya jera. Matan unguwa suka rangaɗa guɗa, wai ga jeren amarya, saura gara.

Aka kayar da tsamiya, kwalta ta wuce. Baba Kura ya kafa sabuwar rumfar kwano a bakin titi, aiki ya yi ta zuwa har da babura.

Bazara ta yi, zafi ya kai inda yake kaiwa. Wani hantsi sai ga su, baƙaƙe masu farin ciki, suna kewaya sararin da tsamiya take a da. Suka yi ta kewayawa. Ko kallon kukar ba su yi ba. Can suka miƙe suka nufi wajen Gwiwa. Washegari suka dawo, suka sake kewayawa, suka sake tafiya.

Tsofaffi suka fara cewa garin da shamuwa ta ƙaurace masa, sai addu’a. Hamma ma bai yi tsokana ba, wannan kuwa shi ya fi tayar wa Baba Kura da hankali. Tuwo ya ƙi shiga.

Matarsa Mairam ta dube shi ta ce, “Malam, in ka je garin da aka sauya wa fasali, da me kake gane gidan ɗan’uwanka?”

“Da maƙwabta.”

“To ina maƙwabcin nasu? Shekara da shekaru da ƙarar gudumarka suke ƙyanƙyasa. Ka yi musu ɗaki a bayan gida, kai kuma ka tare a bakin titi kana neman duniya.”

Baba Kura ya dubi sabuwar rumfarsa, kwanonta na ƙyalli, masu keke sun yi layi. Ya yi ajiyar zuciya. Ya kinkimi akwatin kayan aiki da benci, ya ratsa yashi ya zube su a gindin kuka, inda ba mai wucewa sai awaki. Ya ɗauko wani lanƙwasasshen kan keke da ba mai shi, ya shiga bugu. Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan! Ya buga har kafaɗa ta yi tsami, ya koma busa famfo a banza.

Da la’asar wata inuwa ta gifta ta kan bencin. Bai ɗaga kai ba, don kada ya ba baƙo kunya. Ya ci gaba da bugu. Sai ya ji fuka-fukai, ya ji reshe ya motsa, ga wani ɗan tsinke ya faɗo a gabansa. Ɗaya ta sauka, tana taka ƙafar keken nan tana gwada ƙarfinta. Kafin kiran magariba kuka ta yi baƙi da shamuwa.

Mairam ce ta fara guɗa. Ba a rufa mako ba aka kwarara ruwan shuka.

Masu keke kuwa ba su guje shi ba. Turo kekunansu suke yi ta cikin yashi suna mita, suna ɗaga kai suna ƙirga ’ya’yan da suka leƙo. Shekara na zagayowa kuka ta yi wa shamuwa kaɗan, kowane mai bishiya a gida ya shiga neman tsohuwar ƙafar keke, har ta yi wuya daga nan zuwa Babura.

Hamma ne ya zo ƙarshe, wata safiya, rataye da ƙafar keke a kafaɗa, tayarta ma da sauran iska.

“Ɗan Fulani, wannan ai ƙafar gaba ce ta kekenka, lafiyarta ƙalau.”

“Kai dai zo ka ɗaura mini a darbejiyata,” in ji Hamma. “Kasuwa ai ba nisa, na taka da ƙafa.”