Mariƙin Ƙofar Majalisa

Wata shida na yi ina neman aiki a New York kafin na samu a wani ɗan shago a Bronx, inda ake gyaran tsofaffin kayan ƙarfe. Aikina goge-goge ne, kuma da shi nake riƙe 'ya'yana biyu a ɗakinmu na unguwar Highbridge. Ni kuwa a Kano na tashi, a gidan da tasar da ba ta nuna fuska abin gori ce ga mai ita.

Wata Juma'a aka kawo akwati daga Washington, daga hukumar da ke kula da gine-ginen majalisar dokokin ƙasar. Tsofaffin mariƙan ƙofa ne na tagulla guda huɗu, ƙusoshinsu kawai za a gyara. Mai shagon, wani dattijon Bature marar yawan magana, ya ajiye su ya fita cin abinci.

Na dube su, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ce a raina, ƙasa mai wannan arziki haka, a rasa mai goge mata ƙofa? Babu wanda ya aike ni. Na yanka lemon tsami, na barbaɗa gishiri, na duƙufa a kan guda ɗaya har ya riƙa ɗaukar ido.

Da mai shagon ya dawo bai yi faɗa ba, kujera ya ja ya zauna.

"Wannan baƙin shi suke adanawa," ya ce. "Ran Litinin jami'arsu za ta zo. In ta janye aikin, ba zan iya ci gaba da riƙe ki ba."

Asabar da Lahadi na dafa wa yara abinci. Tsoro nake ji, ga haushin karambanina.

Jami'ar ta zo, ta sa safar hannu, ta daɗe tana jujjuya mariƙin. Mai shagon ya fara cewa laifinsa ne. Na katse shi, na ce ni na yi.

"Shekaru ne suka ba shi wancan launin," ta ce mini. "Za mu iya sa magani ya yi duhu, amma ba zai koma yadda yake ba."

Ba ta janye aikin ba. Takarda ta fitar, ta ce duk abin da ya sami kayan ginin ana rubutawa a ajiye, da sunan wanda ya yi.

"Har zuwa yaushe?" na tambaya.

"Muddin ginin yana tsaye."

Na karɓi biro, na rubuta sunana, sannan na mahaifina, mutumin da har ya koma ga Allah bai taɓa ɓata kayan kowa ba.