Ja Biyu

Baba Mai Rijiya shekara talatin yana shiga rami, kuma wallahi bai taɓa shiga silima ba sai ranar Asabar ɗin nan da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta matsa masa. Ta ce, "Baba, kullum kana ƙasa, yau dai zo ka ga sama."

Ya ce, "Saman da nake gani daga cikin rijiya ya ishe ni, ɗan zagaye kamar murfin tukunya."

Amma ya sa hula ya bi ta.

To shi aikinsu da igiya ake magana, don in ka yi nisa murya ba ta fitowa daidai. Na ƙasa ya ja sau ɗaya, a ɗauke guga. Ya ja sau biyu, fito da ni yanzu yanzu. Na sama kuwa in ya girgiza sau ɗaya, na ji ka ke nan. Da can ƙaninsa Dogo ke riƙe masa igiya. Wata rana gefen rami ya zubo, Baba ya ja biyu, ya sake ja, shiru, ashe Dogo ya je ɗauko diga. An fito da shi da rai, amma yana fitowa ya ce wa Dogo a gaban mutane, "Kai ba ɗan'uwana ba ne." Dogo ya bar garin. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Lambarsa na cikin wayar Baba, wani lokaci ya buɗe ya kalla ya rufe, kira dai bai taɓa ba.

Suna zama aka kashe fitila, ga sanyi, ga ƙara har cikin ƙirji. Fim ɗin wani ɗan sama jannati ne ya fita gyara a bayan kumbo, igiya ɗaure a ƙugunsa, sai abin maganarsa ya mutu, iskarsa tana ƙarewa, abokinsa na ciki kuma ya tafi kashe wuta bai san komai ba. Ba ka jin komai sai numfashi, huu, huu. Baba ya damƙe hannun kujera. Auta ta miƙo masa gugguru, ko kallo bai yi ba. Can sai ya miƙe tsaye.

"Ja biyu! Kai yaro, ja igiyar sau biyu!"

Silima ta fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Tsoho, ba ya jin ka, ɗaga murya!"

Auta ta jawo rigarsa. "Baba don Allah zauna, ka kashe ni da kunya."

Ya zauna. Sai aka nuno na cikin ya dawo a guje, ya ga abin da ke faruwa, injin jan igiya ya ƙi tashi, ya kama da hannu yana ja yana kuka yana kiran abokin nasa, tafinsa duk ya yage. Baba bai sake motsi ba. Shi duk rayuwarsa ƙasan ya sani, bai taɓa ganin fuskar na sama ba. Sai ya tuna ranar nan, yana cikin yi wa Dogo faɗa, Dogo ya ɓoye hannayensa a baya, jini yana ɗiga a ƙasa.

Da suka fito rana ta kashe musu ido. Baba ya zauna a matakala ya ciro waya.

Auta ta ce, "Baba lafiya?"

"Nemo min baffanki."

Ta karɓi wayar ta nemo. "Ga shi, me za ka ce masa?"

"Ban san me zan ce ba. Yi masa filashin sau biyu."

"Baba, filashin? Bayan shekara goma sha ɗaya?"

"Ke dai yi. Zai gane."

Ta yi, ta sake yi. Ya karɓi wayar ya riƙe da hannu biyu. Motoci na wucewa, mutane na tsallake su, mai shara ya zo ya share gefensu ya tafi. Auta ta ce ƙila ya canja lamba, Baba ya ci gaba da kallon wayar.

Sai wayar ta yi haske, ta yi ƙara sau ɗaya, ta tsinke.

Baba ya goge ido da hula. "Ya ji. Zauna, Auta, yanzu zai fara ja."