Amm Yaƙut da Ƙafar Babana

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, ashirin da tara ga Disamba, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Amm Yaƙut Mursi, wato Baffa Yaƙut, tsohon masunci na unguwarmu Anfushi a nan Iskandariyya ta ƙasar Masar, yana da shekara saba'in da huɗu. Ni Zaglul, ɗan Abbas kafinta, karatuna bai wuce na allo ba, amma ba zan bar wani ya riga ni faɗin alherinka ba, ya Amm, don babu wanda ya wahalar da kai kamar ni.

Shekara uku ke nan da ɓarin jikin babana ya shanye, ga ciwon suga. Likita ya ce masa ko dai ya riƙa tafiya kullum, ko ƙafar ta kwanta, shi ma ya kwanta tare da ita. Mu 'ya'yansa muka yi lallashi muka gaji. Kai ba ka lallashe shi ba. Kana idar da sallar asuba sai ka zo ƙofarmu, ka tsaya har ya sauko, ku bi bakin teku zuwa tashar jiragen masunta ku dawo. Da farko taku hamsin yake yi ya zauna. Bana har gardama yake yi da kai a kan wa ya fi sauri.

Lokacin sanyi ne abin ya fi wuya. Ruwa da iska su taso daga teku, 'yan makaranta suna hutu, maƙwabtanmu Kiristoci suna shirin bikinsu, kowa ya shige bargo yana jiran wake da gurasa. Kai ko a jikinka. Wata safiya Baba ya roƙe ni in kore ka. Na leƙo ta taga na ce, "Ya Amm, Baba ya tafi Damanhur hutu!"

Ka ce, "Madalla. Ya tafi Damanhur ya bar tarinsa a ɗaki? Ce masa ya sauko."

Na taɓa zuba maka gishiri a shayi. Ka shanye tas, ka ce shekara hamsin kana shan ruwan teku, in ƙaro.

Sau ɗaya kaɗai na ga ɓacin ranka. Bara, da muka yi wurgin tsofaffin kwalabe da tangaran daga bene don korar tsohuwar shekara, ni na fi kowa ɓarna a layinmu. Da safe ka kira ni ƙasa, ka nuna min titi, ka ce, "Dubi nan. Ubanka jan ƙafa yake yi, kuma ba ya jin abin da ya taka. Mai suga in ya yanke, likita ne zai ƙarasa yankan." Sannan na gane dalilin da layinmu kaɗai ke wayewa a share kowace sabuwar shekara. Kai ne kake sharewa, ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar mu biyu muka yi sharar.

Da muka binne ka muka dawo daga maƙabarta, Baba ya juya fuska ga bango. Sabuwar shekara ta zo, na share titi, bai sauko ba. Inna ta yi magana, yayana ya yi, ya ce shi ya gama tafiya. Kwana huɗu, ƙafar ta fara kumbura, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Ka yafe min abin da na yi ranar Asabar. Na iya kwaikwayon muryar kowa a Anfushi, taka ma na iya. Na tsaya ƙarƙashin tagarsa bayan asuba, na shaƙe murya na ce, "Abbas! Sauko, malalaci, ko amarya ta fi ka saurin shiri!"

Sai ga taga ta buɗe, ya gan ni. "Ɗan banza mara tarbiyya! Da mamaci kake wasa?" Ya sauko da sandarsa. Na ja da baya taku goma, ya biyo ni. Na ƙara goma, ya biyo ni, yana zagi, ruwa na dukanmu. Haka muka yi har tashar jirage. Can ya zauna a kan katanga yana haki, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izarka. Na miƙa masa bayana don ya daka, bai daka ba. Ya share fuska ya ce, "Gobe in za ka kira ni, ka kira ni da muryarka."

Yau kwana shida ke nan, ba mu fasa ba, kuma ba za mu fasa ba.

Allah Ya jiƙanka, ya Amm Yaƙut, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowane taku na babana a mizaninka. Ya ba matarka Hajja Nawal da 'ya'yanka Shahata da Ni'imat haƙurin rashinka, da mu duka mutanen Anfushi. Amin.