Malam Sha'aban da Sandar Bappayo

Da an fara bitar maniyyata a Azare, Malam Sha'aban ba ya komawa barci bayan asuba. Sai ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar maina ta ƙofar gidansa, ya rataye sikeli a reshe, ya zauna jiran jakunkuna. Ba wanda ya ɗauke shi aikin. Shekara ashirin da biyu ya yi yana lodin kaya a filin jirgin sama na Kano. Ya shiga jirgi ba adadi, amma ta ƙasa, wajen akwatuna. Har yau bai taɓa tashi ba.

Abin da ya raba shi da sauran masu lodi shi ne tambaya. Ana ce masa an hana abu, sai ya bi ma'aikaci har wurin cin abinci yana neman dalili. Shi ya sa ba ya cewa doka ce kawai ya yi shiru. Wuƙa da almakashi da ƙugiyoyin masunta babbar jaka suke shiga, don kada su zauna kusa da hannun kowa. Batirin cajin waya kuwa sai jakar hannu, domin in ya kama wuta a ƙasan jirgi ba mai gani. Tukunyar gas ba ta tafiya ko ta ina. Risho, ko an juye kananzirinsa, sai ya sa hanci ya sansana, ya girgiza kai. Goro kuma, a tauna shi a gida a yi ban kwana.

Ni, da digirina, na ce batun batirin nan hankali ba ya ɗauka. Na cusa nawa cikin babbar jaka. A filin jirgi aka kira sunana a lasifika, na zazzage singiletina a gaban mutanen jihohi uku. Da na dawo, Malam Sha'aban lafiyar batirin kawai ya tambaya.

A bara, Bappayo, wani dattijon makiyayi daga wajen Chinade, ya zo da jaka ɗaya da sanda. Gorar man shanu Malam Sha'aban, da yake Babarbare ne, ya fara zarewa, ya ce ai Bafulatani ko Aljanna za shi sai ya nemi inda za a ɗaure masa saniya. Bappayo ya ce ya ji, amma bai taɓa ganin Babarbaren da bai hau jirgi ba yana koya wa mutane tashi. Aka yi dariya. Da aka zo kan sandar, dariya ta ƙare. Tana da ƙarfe mai tsini a gindi, kuma ta fi jakar tsawo.

"Malam, ta mahaifina ce," in ji Bappayo. "Ya yi niyya, Allah bai nufa ba. Na yi masa alkawari za ta tsaya a Arfa. In ba ta tafiya, ni ma na fasa."

Wani ya ce a yanke ta biyu. Wani ya ce ya riƙa ɗingishi, tunda ana barin marasa ƙafa su shiga da sandarsu. Malam Sha'aban ya ce ba a fara aikin Hajji da ɗingishin ƙarya, kuma tsinin nan ko gurgun gaske ne sai an karɓe. Kwana biyu yana juya sandar. Ya kira wani tsohon abokin aikinsa ya tambayi iyakar tsawon da kamfanin ke karɓa a kaya. Sannan ya tafi kasuwa ya yanko bututun roba irin na famfo, ya naɗe tsinin da tsumma, ya zura ta, ya toshe baki biyu, ya rubuta suna da lambar fasfo. Ya koya wa Bappayo ya ce a buɗe a duba tun kafin a tambaye shi.

Sandar ta tsaya a Arfa. Akwai hoto, yana wayar rabin mutanen unguwa.

Malam Sha'aban, kai ne mai sikelin gindin maina. Kai ka san nauyin jakar kowa, ka kuma san abin da sikeli ba ya nunawa. Bana ka ce gwiwa ta ƙi, ka naɗe tabarma. Mun gode, Allah Ya saka. Masu aiki a ofisoshinmu, ku koyi wannan: in kun hana mutum abu, ku gaya masa dalili, ku nema masa hanya.

Makon jiya Alhaji Bappayo ya zo ya jingina sandar a jikin mainar.

"Ta san hanya yanzu," ya ce. "Riƙe ta, har ta kai ka."

Malam Sha'aban ya ɗauke ta, ya shafa tsinin da yatsa, ya tambaya ko bututun yana nan.